Ladan Koci da Haƙƙin Yaro

A ƙasar Amurka, musamman a jihar Teksas, akwai wata al'ada wadda ta kafu har ta zama tamkar ibada ga mutanen wurin, ita ce tun daga ƙarshen watan Agusta har zuwa Disamba, duk daren da Juma'a ta wuce aka shiga Asabar, mutanen gari, attajirai da talakawa, tsofaffi da yara, sukan ɗunguma zuwa filin wasan makarantar sakandaren garinsu, domin su kalli 'ya'yansu, samari 'yan shekara 15 zuwa 18, suna karawa da samarin wani gari a irin ƙwallon nan tasu da ake runguma a hannu ana gudu da ita, ana bangazar juna da ƙirji da kafaɗa, kowa sanye da hular kwano. Mutumin da ke horar da samarin nan, wato koci, shi ne a garuruwa da yawa ya fi kowa suna, har yakan zama an san shi fiye da yadda aka san shugaban makarantar da yake aiki a ƙarƙashinsa.

Albashinsa kuwa ya dace da sunansa. Jaridar Austin American-Statesman ta yi bincike a 2006, ta tarar da cewa manyan kociyoyin manyan makarantun jihar suna samun kimanin dala 73,000 a shekara, alhali matsakaicin albashin malamin aji yana wajen dala 42,000. Bayan shekara goma da 'yan kai kuwa sai ga na kocin ya doshi dala 100,000, wasu ma sun zarce haka nesa. Filayen wasan su ma abin a tsaya a duba ne. Garin Allen, a arewacin Dallas, ya buɗe nasa a 2012 a kan kimanin dala miliyan 60, mai ɗaukar mutum 18,000, ga makarantar sakandare guda ɗaya tak, sa'an nan kafin a cika shekara biyu kankaren ya tsattsage, aka rufe shi a 2014 domin gyara. Garin Katy, kusa da Houston, ya gina nasa a 2017 a kan abin da ya kai dala miliyan 70, McKinney ma ya biyo baya da kusan wannan adadi.

Duk mai hankalin da ya ji waɗannan lissafai, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne an yi zalunci, an fifita wasa a kan ilimi, an ɗaukaka mai koya wa yaro gudu a kan mai koya masa karatu. To, amma hukunci da gaggawa ba ɗabi'ar malamai ba ce, kuma mas'alar tana da lunguna waɗanda ya kamata a leƙa kafin a yanke.

Shi dai wasa a kan kansa, shari'a ba ta zarge shi ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tseren dawaki, ya yi tsere da Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ya kuma bar mutanen Habasha suna wasa da mashi a cikin masallacinsa. Imamu Gazali, a inda yake maganar tarbiyyar yara a cikin Ihya'u, ya yi wasiyya a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, yana mai nuna cewa hana shi wannan yana dushe masa basira, yana sa ya tsani karatun. Ibnul Ƙayyim kuwa littafi guda ya wallafa a kan sukuwa da harbi da tsere da hukuncin ladan da ake sa wa a kansu. Saboda haka wanda ya ɗauki horar da jikin samari sana'a bai ɗauki sana'ar banza ba, ladansa kuma halal ne matuƙar ya cika aikin da aka ɗauke shi dominsa.

Masu kare albashin koci su ma suna da hujjoji, kuma adalci ne a kawo su da ƙarfinsu. Suna cewa malamin aji a Teksas kwana 187 ne yarjejeniyarsa a shekara, koci kuwa tasa takan haura kwana 220, ban da dararen da yake kashewa yana nazarin hotunan wasan abokan karawa, da asubancin da yake yi a tsakiyar zafin Agusta. Suna cewa sau da yawa shi ne shugaban dukan wasannin makarantar, na maza da na mata, da mataimaka masu yawa a ƙarƙashinsa, da ɗaruruwan yara a wuyansa, saboda haka kamata ya yi a auna shi da shugabannin makaranta, kada a auna shi da malami mai aji ɗaya. Suna cewa, kuma wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi a wurina, akwai yara da yawa, 'ya'yan talakawa da waɗanda suka tashi ba uba a gida, waɗanda ba don koci ba da tuni sun bar makaranta sun shiga titi, domin shi ne kaɗai babban da yake tambayar inda suka kwana da abin da suka ci. Game da filaye kuwa, suna tunatarwa cewa kuɗin gini bashi ne da jama'ar gunduma suka jefa ƙuri'a suka yarda a ciwo, a biya shi da harajin gidaje da filaye, kuma doka ta raba wannan asusu da asusun albashi, har ko da an fasa ginin, ba a iya ɗaukar kuɗin a ƙara wa malamai. Duk wannan gaskiya ne, wanda ya musanta bai san yadda al'amarin yake tafiya ba.

Amma tsawon kwanakin aiki bai isa ya bayyana ratar duka ba, kuma akwai malamai masu kwana suna duba rubutun ɗalibai waɗanda ba wanda ya taɓa tunanin ninka musu albashi. Asalin dalilin, a ganina, Ibnu Haldun ya riga ya taɓo shi tun ƙarni na 14, a wani fasali na Muƙaddimarsa inda ya lura cewa alƙalai da muftai da limamai da malaman makaranta, duk da ɗaukakar aikinsu, galibi ba sa tara dukiya, domin ladan kowane aiki yana bin yadda gama-garin mutane suke jin matsuwar buƙatarsa ne, ba ya bin darajarsa. Mutanen gari suna ganin aikin koci ido da ido, sau goma ko fiye a kowace kaka, a ƙarƙashin fitilu, an rubuta sakamakon da manyan lambobi a kan allo, jarida ta buga da safe. Malamin lissafi kuwa kamar mai dashen giginya yake, wanda zai yiwu sai bayan ya tsufa ko ya ƙaura sa'an nan wani ya sha inuwarta, kuma ko a ranar ba lalle ne a tuna wanda ya dasa ba. Ɗan Adam an halicce shi da son abin da ke kusa, yakan biya da tsada abin da zai ɗanɗana yau, ya yi rowa a kan abin da sai gobe. Wannan naƙasa ce ta kowa da kowa, ba Amurkawa kaɗai ba, kuma mu da muka san abin da malamin allo yake samu a kuɗin Laraba, ba mu da bakin yi musu dariya.

Abin da ya fi damuna ba yawan kuɗin ba ne, sharaɗin da aka rataya su a kansa ne. Malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin ijara da ji'ala. A ijara, ana biyan mutum ne a kan aiki sananne ko lokaci sananne, idan ya yi aikin da gaskiya ya cancanci ladansa, ko an ga amfanin ko ba a gani ba. A ji'ala kuwa, ana sa lada ne a kan sakamako, kamar wanda ya ce duk mai dawo masa da raƙuminsa da ya ɓace yana da kaza, wanda ya sha wahala bai samo ba kuwa ba shi da komai. A takarda, koci a Teksas ɗan ijara ne, ma'aikacin hukumar makarantu ne kamar kowane malami, haka ma ƙa'idar hukumar da ke kula da gasannin makarantun jihar ta tanada. A aikace kuwa kowa ya san ji'ala aka yi da shi, domin idan yaransa suka sha kashi shekara biyu ko uku a jere, ba mai tambayar nawa daga cikinsu suka gama makaranta ko nawa suka gyara halinsu, sallama ce kawai ko a mayar da shi wani aiki.

Wani zai ce, to, ina laifin wannan, tun da Malikiyya ba su hana sa lada a kan sakamako a wajen koyarwa ba? Gaskiya ne, mai Risala, Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, ya halatta a yi sharaɗi da malami a kan sai yaro ya ƙware, kamar yadda ya halatta a yi sharaɗi da likita a kan sai majinyaci ya warke. Sai dai a dubi waɗannan misalai biyu da kyau. A dukansu, sakamakon da aka rataya ladan a kansa shi ne ainihin amfanin wanda ake yi wa aikin: yaron ne ya iya karatu, majinyacin ne ya miƙe, saboda haka kwaɗayin mai aiki da maslahar wanda ke hannunsa hanya ɗaya suka nufa, ba yadda ɗaya zai ci riba a kan asarar ɗayan. Nasarar daren wasa kuwa ta gari ce, ta masu tafi ce, kuma yana yiwuwa a same ta ta hanyar da yaron zai cutu, a mayar da shi fili gwiwarsa ba ta warke ba, ko a rufe ido a kan darasin da ya faɗi. Ban da wannan, akwai wani bambanci wanda ba a cika lura da shi ba. Ɗalibai talatin suna iya ƙwarewa a karatu dukansu, ƙwarewar wannan ba ta rage ta wancan. A wasa kuwa duk wanda ya ci, wani ne ya faɗi, wato kowane mako rabin kociyoyin jihar dole su koma gida da kashi, ko da kowannensu ya kai matuƙa wajen ƙwazo da amana. An rataya abincin mutum ke nan a kan abin da hankali ya hukunta cewa rabin masu nemansa ba za su samu ba, aka kuma damƙa masa jikin 'ya'yan mutane a matsayin jarin da zai nema da shi.

Wanda yake son ganin yadda wannan yake aukuwa ya dubi abin da ɗan jarida H. G. Bissinger ya rubuta a littafinsa Friday Night Lights na 1990, bayan ya zauna a garin Odessa, garin man fetur a yammacin Teksas, ya bi ƙungiyar makarantar Permian a kakar 1988. Garin ya riga ya gina fili na sama da dala miliyan 5 tun 1982, mai ɗaukar wajen mutum 19,000. Kocinsu, Gary Gaines, marubucin bai nuna shi a matsayin azzalumi ba, mutum ne mai sanyin hali, amma daren da yaransa suka faɗi a hannun abokan gabarsu na Midland, ya dawo gida ya tarar an kakkafa masa allunan sayar da gida a ƙofarsa, ma'ana ya tattara iyalinsa ya bar gari. A cikin ƙungiyar akwai wani yaro baƙar fata, gwanin gudu, wanda manyan jami'o'i suke ta aiko masa da wasiƙu, alhali karatunsa yana da rauni ƙwarai kuma ba wanda ya damu. Gwiwarsa ta goce tun kafin a fara gasar, sai ga waɗanda suke kiran sunansa jiya sun juya masa baya, wasu har da zagi irin na wariyar launi. Marubucin ya kuma kawo cewa abin da makarantar ta kashe wajen magunguna da bandejin 'yan wasa ya fi abin da ta kashe wajen kayan koyarwa na sashen Turanci baki ɗaya.

A wannan kakar dai aka yi wata shari'a wadda ta fi komai fito da karon da ke tsakanin allon aji da allon fili. Tun 1984 jihar ta kafa doka, bisa shawarar kwamitin da attajiri Ross Perot ya shugabanta, cewa duk ɗalibin da ya faɗi wani darasi ba zai yi wasa ba, a wancan lokacin har mako shida. Sai aka sami saɓani a makarantar Carter ta Dallas a kan makin wani fitaccen ɗan wasa a darasin aljabara, malamin yana cewa bai kai ba, shugaban makarantar yana cewa ya kai, maganar ta je gaban alƙali, aka bar Carter ta ci gaba, ta kayar da Permian, ta ɗauki kofin jiha, daga baya kuma aka ƙwace kofin. Lauyoyi da manyan jami'ai sun yi kwanaki suna jayayya a kan makin yaro ɗaya, amma abin da ya tara su shi ne ko zai sa hular kwano ranar wasa, ba ko ya iya lissafin ba.

Ga kuma maganar lafiya, wadda a zamanin Bissinger ba a san zurfinta ba. Wani likita ɗan Najeriya, Bennet Omalu, shi ne ya binciki ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster a Pittsburgh a 2002, ya buga sakamakon a 2005, ya nuna irin lalacewar da yawan buguwar kai yake haifarwa. Yara wajen miliyan ɗaya suke wannan wasa a sakandaren Amurka, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma ne za su ci gaba da shi a jami'a, waɗanda za su mai da shi sana'a kuwa ba su taka kara sun karya ba, amma haɗarin kowa yana ɗaukar rabonsa.

A nan ne tsarin da malaman usulu suka yi wa maslaha yake da amfani, tun daga Gazali har zuwa Shaɗibi a cikin Muwafaƙat, inda suka jera ta hawa uku: larura, wadda ta ƙunshi tsare addini da rai da hankali da zuri'a da dukiya; sa'an nan buƙata; sa'an nan ƙawa. Motsa jikin yaro da koya masa haƙuri da biyayya da haɗa kai ana iya sa su a buƙata, har ma su taɓa larura. Kujeru 18,000 da ƙaton allon hoto kuwa ƙawa ne, kuma ƙawa ba haram ba ce ga wanda ya riga ya sauke abin da ke samanta. Mai dukiyar kansa yana da sarari mai faɗi, amma dukiyar jama'a amana ce, mai riƙe da ita tamkar waliyyin maraya yake, ba ya taɓa ta sai ta hanyar da ta fi kyau. Cewa an jefa ƙuri'a yana ɗauke zargin ƙwace, ba ya mai da almubazzaranci ya zama maslaha, balle kuma bashin da za a yi shekara ashirin ko talatin ana biya, wanda wani kasonsa zai faɗa a kan mutanen da ranar ƙuri'ar suna goye. Gari kamar Allen, mai wadata da makarantu masu kyau, zai iya cewa ya sauke larurarsa, kuma ban ga hujjar ƙaryata shi ba. Matsalar ita ce tun da kuɗin makaranta a can harajin gidaje ne ginshiƙinsa, abin da ya jawo shari'ar Rodriguez a Kotun Ƙolin Amurka a 1973 da ta Edgewood a kotun ƙolin jihar a 1989, gari matalauci da ya ce sai ya yi gasa da mawadaci wajen fili da albashin koci, daga larurarsa yake yanko kuɗin ƙawar.

Ƙaramin garin Premont, a kudancin jihar, ya taɓa samun kansa a wannan hali. Hukuma ta yi barazanar rufe makarantunsa saboda talauci da faɗuwar ɗalibai, ɗakunan gwajin kimiyyarsu a rufe sun lalace, amma ana nan ana wasanni. A 2012 shugaban makarantun gundumar, Ernest Singleton, ya dakatar da wasannin, ya yi tsimin wajen dala 150,000, aka mai da hankali ga azuzuwa, makarantun suka tsira, daga baya aka dawo da wasa sannu a hankali. Ya sha suka mai yawa, wasu iyaye har suka ɗauke 'ya'yansu, amma abin da ya yi shi ne ainihin abin da malamai suke nufi da gabatar da mafi muhimmanci a kan muhimmi. Ita ma majalisar jihar ta yi doka a 2019 cewa duk bashin gina fili mai kujeru sama da 1,000 a ware shi a takardar ƙuri'a, kada a cusa shi a cikin na azuzuwa, kuma da aka ware ɗin sai ga mutanen garin Prosper a 2023 sun yarda da bashin gina makarantu, sun ƙi na fili mai dala miliyan 94. Ashe wani ɓangare na abin da ake kira son jama'a, rashin ba su zaɓi ne.

Ni dai ban ga dalilin rage wa koci albashi ba, domin talauta shi ba zai wadata malamin aji ba, kuma mutumin da aka ba amanar ɗaruruwan samari ya cancanci a biya shi da kyau. Abin da ya kamata a gyara shi ne sharaɗin, a mayar da shi ijara ta gaskiya, a auna shi da yaran da suka gama karatu lafiya lau, sa'an nan a zare daga hannunsa duk hukuncin da yake da riba a cikinsa, kamar yadda alƙali ba ya karɓar shaidar mai jawo wa kansa amfani, ko da kuwa adali ne. Teksas ta ɗauki mataki ɗaya a wannan hanya a 2011, da ta yi doka cewa yaron da ake zaton ya sami buguwar ƙwaƙwalwa a fitar da shi daga wasa nan take, kuma koci ba shi da ikon mayar da shi sai likita ya duba shi ya sa hannu. Dokar ta tsaya a kan kai, ba ta kai ga gwiwa da kafaɗa ba, kuma hukumar makarantun da za ta zauna a ƙarshen kaka ta duba ko za ta sabunta yarjejeniyar koci, zaɓaɓɓu ne na mutanen nan da suke cika kujerun fili, waɗanda har yanzu abin da suke fara tambaya shi ne wasa nawa aka ci.